Mararrabar Bakin Taga

Litinin

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'ar shago. Ni ce Auta, 'yar yayanka. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da rabonka da ganina tun ina sakandare. Na kira ka a waya sau uku, kana ta cewa "Wa? Wa ke magana?" ina ta ɗaga murya, har masu sayen magani a kantin da nake aiki suka fara taya ni. Goggo ce ta ce in daina wahalar da maƙogwarona, kunnenka ya yi nauyi, in rubuta in ba direban motar safe, ya san shagonka na gyaran agogo.

Ka ji labarin ciwon Baba. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Yana zama a keke, yana gane kowa, yana fahimtar duk abin da aka faɗa, amma magana ta ƙi. Sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito, in ta fito ma ba ita ya aika ba. Jiya ruwa yake so, ya ce "takalmi".

Abin da ya sa na rubuto shi ne teburin nan na ɗakin baya, wanda kuka haɗa tare, mai ƙananan jiragen ƙasa da tasha da gada da dutsen kwali. Matar da ke koya masa motsa jiki ta ce mu nemo abin da ransa ke so, don shi zai tashe shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin ƙasa, me ransa zai so in ba wannan ba? Na kakkaɓe ƙura, na tura shi ciki, na kunna akwatin wuta. Baffa, ya yi murmushi. Rabin baki ne, amma murmushi ne, na farko tun da ya kwanta.

Ƙaramin baƙin jirgin nan ya tashi, ya haye gada, ya ratsa dutse. Yana isa wata mararraba, inda layi ya rabu biyu, sai ya tsaya cik. Fuskar Baba ta canza. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna wurin, yana kallona, yana wani irin gurnani. Tun daga ranar kullum da safe sai ya sa an kai shi, kullum jirgin ya tsaya a wurin nan, kullum ya nuna. Daga nan ya ƙi abinci, ya ƙi motsa jikin, ya juya wa kowa ƙeya.

Mama ta ce ta gaji. Ta ce ƙarshen wata za ta kira kafinta ya kwance teburin, a mayar da gadon Baba ɗakin, dama ya fi kusa da banɗaki. In ji ta, abin da ba ya tafiya kuma yana hana mutum cin abinci, me ake da shi? Ban ga laifinta ba, ita ke ɗaga shi ita ke kwantar da shi. Amma ina tsoron in aka kwance teburin nan mun kwance shi ke nan.

Ni ƙwayar magani na sani, ban san wutar lantarki ba. Na san akwai 'yar tsama tsakaninka da Baba, ban san mafarinta ba, ba kuma ita nake tambaya ba. Jirgin nake tambaya. Me ke tsayar da shi?

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Laraba

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso hannuna jiya da la'asar, na karanta, na fahimci abin da ke cikinta. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki da ɗawainiya. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne.

Da farko, kunnena lafiyarsa ƙalau. Wayoyin yanzu ne ba su da murya. Ki faɗa wa Goggonki haka.

Game da jirgi. Ki sani ba shi da batir a cikinsa. Wutarsa daga ƙarafan layi yake sha, ta ƙafafunsa. Ƙarfe ɗaya ke kawo masa, ɗayan ya mayar. Saboda haka ki lura da fitilar goshinsa lokacin da ya tsaya. In tana ci, wani abu ne ya tokare shi. In ta mutu, wuta ce ba ta kai gare shi ba, kuma sau tara cikin goma datti ne.

Ki samu tsumma mai tsabta, ki ɗiga masa sifirit, tunda kantin magani kike ba za ki rasa ba, ki goge saman ƙarafan duka. Kada ki kuskura ki sa samfefa. Na maimaita, kada ki sa samfefa. Karce ƙarfe take yi, datti ya samu wurin zama.

Sannan ki kifa jirgin a kan tawul, ki goge ƙafafunsa da auduga. A bayan ƙafafun akwai wasu siraran ƙarafa na tagulla masu shafar su. Ki duba ko gashi ko zare ya naɗe a wurin, ki cire da tsinke, a hankali.

A mararrabar kanta akwai ƙarfe biyu masu motsi in an ja ɗan hannun da ke gefe. Su muke ce wa harshe. Ki goge gefensu inda suke manne wa babban ƙarfe. Ki kuma duba kwaɗon, ki faɗa mini ko baƙi ne ko fari.

Ba ki faɗa mini wace mararraba ba ce. Guda huɗu ne a teburin. Mai gyara ba ya aiki da "wata mararraba", kamar yadda ke ma ba kya ba da magani don an ce miki "wani wuri ke ciwo".

Yaya yana iya haɗiye abinci da kyau? Yana barci?

Wassalam.

Baffanki

*

Lahadi

Baffa,

Sallama da gaisuwa. Mun ga takardarka, mun gode, Allah ya bar zumunci. Goggo ta ce in gaya maka ta ji, wayoyin duniya duka sun haɗa maka baki.

Bari in fara da laifina. Kafin takardarka ta iso na riga na sa samfefa. Mama ce ta ba ni, ta ce da ita take fitar da tsatsar wuƙa. Ba duka layin na bi ba, kamar taƙi biyu ne. Da na karanta inda ka maimaita, sai da na waiwaya, kamar kana tsaye a bayana.

Sauran duk na yi. Tsumma uku suka koma baƙi ƙirin. Gashin da na zaro daga ƙafafun jirgin nan ya isa a yi wa jaririya kitso. Yanzu yana tafiya sumul ko'ina, ko ƙara ba ya yi. Yana zuwa wurin nan kuwa, cik. Fitilar tana mutuwa, na duba. Mararrabar da ke bakin taga ce, ta ƙarshe kafin tasha.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Babban koren jirgin yana wucewa ta wurin kamar ba komai. Ƙarfe ɗaya, wuta ɗaya, me ya sa wannan ya wuce wancan ya tsaya? Na ce to ƙaramin ne ba shi da lafiya. Amma ai yana wuce sauran mararraba ukun. Na ce to mararrabar ce. Amma ai kore yana wuce ta. Na yini ina wannan lissafin a kanti har na miƙa wa wani tsoho maganin tari alhali na ido ya tambaya.

Na yi dabara, na ɓoye baƙin na ɗora koren. Baba ya ƙi ko kallonsa, sai da na fito da nasa.

Na sake wata dabarar. Na gano in na murɗa wutar sosai ya taho a guje, yana tsallake wurin, fitilar ta ɗan ƙifta kawai. Na ce shi ke nan, na gama. Na kawo Baba, na murɗa, jirgi ya wuce fuu. Na juyo ina jiran yabo. Baffa, sai ya daki hannun kekensa ya ce "A'a!" Ras, da muryarsa ta da. Kalmar farko ke nan da ta fito daidai a wata huɗu. Mama ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Sai da muka fitar da shi daga ɗakin kafin ya lafa.

Washegari da jirgin ya tsaya, don kada ran Baba ya ɓaci, na sa yatsa na ɗan tura shi ya wuce. Bai yi gurnani ba. Ya zuba wa hannunsa na dama ido, wanda ya shanye, ya daɗe a haka. Wannan ma ban gane ba.

Maganar kwaɗo kuma, na duba sama na duba ƙasa, babu abin da aka kulle a teburin nan, balle in ga launinsa. Na tambayi Mama ko ta san inda makullin yake, ta ce wane kwaɗo. Na ce wataƙila mai tsalle kake nufi. Ta ce in har akwai kwaɗo a ɗakin nan, yau ba gobe ba za a kwance teburin. Don Allah ka yi mini bayani irin na masu ƙaramin kai.

Baba yana haɗiya da kyau in ya ga dama. Barci kuma sama-sama.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare. A gaida mutanen gida.

'Yarka,
Auta

*

Talata

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso.

Laifina ne da ban fayyace ba. Ba na ƙofa ba ne, ba kuma na rafi ba. Ki dubi tsakiyar mararrabar, inda ƙarfe biyu suka haɗu suka yi tsini kamar bakin almakashi. Masu wannan harka shi suke ce wa kwaɗo. Ban san wanda ya raɗa masa ba, haka na tarar.

Ba sai kin duba launinsa ba. Tunda ta bakin taga ce, na sani. Fari ne, na ƙarfe.

Ga amsar lissafinki. Wannan ɗan tsinin a yanke yake daga sauran layi, ba ya samun wuta sai an ja masa waya tasa ta ƙarƙashin tebur. In babu wutar, ya zama matacce. Koren jirgi dogo ne, ƙafafunsa da yawa, in na gaba suna kan matacce na baya suna kan mai rai, sai ya wuce. Baƙin gajere ne. Ƙafarsa na hawa wurin, ɗayar ta ɗan ɗaga ko da kaurin gashi ne, ya rasa wuta. Da ke da jirgin duk ba ku da laifi.

Kada ki ƙara shigar da jirgi mararraba a guje a gaban mahaifinki. Ko da wasa. Kada ki tambaye ni dalili.

Yanzu ki kashe wuta, ki ɗauki tocila, ki shiga ƙarƙashin teburin daidai saitin taga. Ki nemi wata koriyar waya da ta sauko daga katako. Ki bi ta da ido ki ga inda ta tafi. Ina kyautata zaton ta tsinke ne, ko dalmar da aka liƙe ta da ita ta saki saboda daɗewa. Dole ɗaya daga cikin biyun nan ne. Ba zai yiwu ya zama wani abu ba.

Abin da kika gani ki rubuto mini. Kada ki taɓa komai tukuna.

Na rubuta wani abu a nan na soke, kada ki wahalar da idonki.

Shin ya san kina rubuto mini?

Wassalam.

Baffanki

*

Asabar

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna yau, a tsaye nake yinsa a bayan kanta, kuma kaina ya kulle.

Na shiga ƙarƙashin teburin ranar Alhamis. Na ga koriyar wayar. Ba ta tsinke ba, ba ta kuma saki ba. Tana reto ne kawai, an feƙe bakinta tsaf, an ɗan lanƙwasa shi kamar ƙugiya, babu ko ɗigon dalma a jikinta. Yanar gizo-gizo ta haɗa ta da katako. Kusa da ita akwai wani ɗan makunni mai ƙafa uku, biyu da waya a liƙe, ta tsakiya babu komai.

Ka ce kada in taɓa. Na taɓa. Ko makaho ya shafa ya san inda wayar nan za ta. Na naɗa bakinta a ƙafar tsakiya, na ɗaure da filastar ciwo, na fito na kunna. Na sa baƙin jirgin a hankali, tafiyar hawainiya. Ya zo mararraba, ya wuce, ko ƙiftawa fitilar ba ta yi ba. Sau biyar ina gwadawa. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki har na buge gwiwa.

Na kira Mama, muka turo Baba. Jirgi ya tashi, ya haye gada, ya zo bakin taga a natse, ya wuce, ya shiga tasha. Ya sake zagayowa, ya wuce. Sai Baba ya dube ni, ya nuna ƙarƙashin tebur. Na ɗauka aikina yake so ya gani. Na matsar da keken, na haska masa, ina ta zuba, "Baba ka ga, nan ce, ni na gano ta." Ya sunkuya har sai da Mama ta riƙe masa riga. Ya miƙa hannun hagu, ya kama wayar, ya fizge ta.

Ya gyara zama. Ya nuna mini akwatin wuta. Na kunna, jirgi ya zo ya tsaya cik a inda ya saba. Sai ya gyaɗa kai, kamar an mayar masa da kayansa da aka ara.

Kuma ka san wani abu? Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Na bi Mama kicin na ce ta fassara mini, ni dai na kasa. Mako uku yana ƙin abinci saboda jirgi ya tsaya, na gyara ya ɓata, ya kuma ci abinci. Tana wanke kwano ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Wai ke da kin ɗauka sabuwar cuta ce? Jirgin nan tun da aka haɗa teburin bai taɓa wuce wurin nan da ƙafarsa ba."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Shekara tara babanki yana tura shi da yatsa. In ya zo wurin ya ɗan taɓa shi, ya wuce. Yanzu yatsan ne babu."

Na ce, "Mama! Kina kallo ina goge ƙarfe kamar baiwa, har samfefa kika ba ni, ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Kin tambaye ni? Cewa kika yi in ba ki abin goge ƙarfe."

Ta ce ta sha gaya masa ya kira mai gyaran rediyon bakin titi ya duba, sai ya ce mata, "Da mai aikin." Ta ce ita ba ta san abin da ya haɗa ku ba, har yau. Abin da ta sani, ranar ta ɗauko muku shayi, ta gamu da kai a ƙofa kana sa hula, ka ce mata yanzu za ka dawo. Ta ajiye maka naka ta rufe da faranti.

Baffa, yanzu ban san me nake gyarawa ba. Da yake nuna wurin nan kullum, me yake cewa? A gyara? A bari? In tura masa? Na ɗauka na iya karanta mahaifina, ashe ina ta ba shi ruwa yana neman takalmi.

A takardata ta farko na ce ba tsakaninku nake tambaya ba. Na janye. Ita nake tambaya. Bai san ina rubuto maka ba. Kafinta zai zo ranar Asabar mai zuwa.

Ka gafarce ni in na yi rashin kunya.

'Yarka,
Auta

*

Litinin

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ba ki yi rashin kunya ba. Na karanta takardarki sau uku, na rufe shago tun kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba.

Kina ƙarama lokacin da mahaifinki ya bar aiki, wataƙila an ce miki ritaya ya yi. Shekara ashirin da shida yana tuƙi ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Wata rana yana jan jirgin kaya, ya shiga wata mararraba, tarago uku suka sauka daga layi. Ba a rasa rai ba. Masu bincike suka ce da gudu ya shiga. Shi kuma ya rantse harshen ne bai gama rufewa ba. Ba a saurare shi ba, aka sallame shi. Ya dawo gida ya shige ɗaki, kusan shekara ba ya fita sai dole.

Ni na kawo shawarar teburin, don in fito da shi. Shekara uku muna haɗa shi, duk hutun da na samu sai in hau mota in zo. Shi ke shimfiɗa layi, ni ke jan waya. Ban taɓa jin daɗin zama da ɗan'uwana kamar a lokacin ba.

Ranar da muke gamawa, saura wayar nan kaɗai. Ina kwance rigingine a ƙarƙashin tebur, zafi ya ishe ni, wuyana ya ƙage. Shi yana tsaye a sama yana ba da umarni, kin san halinsa. Narkakkiyar dalma ta ɗigo mini a wuyan hannu, na yi tsaki, na ce bari in yi maza in gama. Sai ya ce, karo na goma a ranar, "Ƙarami, mararraba ba a yi mata gaggawa."

Na ce, "Da ka san haka ai da har yanzu kana bakin aikinka."

Haka na faɗa. Ban san daga inda ta fito ba. Abin da ya fi ci mini rai, ni ban taɓa yarda da masu binciken nan ba, ko na minti ɗaya. Na san yadda yayana ke tuƙi. Duk duniya ni kaɗai na tsaya masa a lokacin, kuma ya san haka.

Daga inda nake ƙafafunsa kawai nake gani, cikin silifas. Ba su motsa ba. Na kwanta a wurin ina kallonsu, ina jira ya zage ni ko ya kore ni, da ya yi da na samu sauƙi. Da na gaji na jawo jiki na fito, ban dubi fuskarsa ba, na ce, "Dalma ta ƙare, bari in sayo."

Ba ta ƙare ba. Tana aljihuna. Na fita na wuce shagon dalmar, na zarce tashar mota.

Na ce in ya huce nan da mako zan koma. Mako ya zama wata. Duk ranar da ta ƙaru sai hanyar ta ƙara tsawo. Mun haɗu sau biyu a taron dangi, na gaishe shi ya amsa, kowa ya dubi wani wuri. Da aka ce mini ya faɗi, na shirya jaka, ta kwana uku a bakin ƙofa, na kwance ta.

Wallahi na ɗauka ya liƙe wayar nan tun a makon. Aikin minti biyu ne, kuma shi ya koya mini riƙe ƙarfen dalma ina ɗan shekara goma sha biyu. Da kika ce ta bakin taga ce, sai wayar nan ta faɗo mini a rai, amma na ce ba zai yiwu ba.

Kin tambaye ni me yake cewa. Ban sani ba, Auta. Agogo in ya tsaya ina buɗe bayansa in ga dalili. Wannan ban san ta inda ake buɗe shi ba. Ko ya bar ta ne yana jirana. Ko kuwa ya bar ta ne don kullum ya taɓa wurin ya tuna abin da ƙaninsa ya faɗa masa. Duk biyun za su sa mutum ya fizge waya. In na farko ne, na yi asarar shekara tara a banza. In na biyu ne, na zo ya gan ni jininsa ya hau, na ƙarasa abin da na fara. Ke kika san magani, ki faɗa mini.

Kada ki karanta masa wannan takarda. Ki ba mahaifiyarki haƙuri a kan shayinta.

Wassalam.

Baffanki

*

Juma'a

Baffa,

Sallama da gaisuwa mai yawa.

Ban karanta masa ba, na bi umarninka. Sai dai daga ni har kai mun manta cewa magana ce ta ƙi masa, ba karatu ba. Direba ya kawo takardar gida maimakon kanti, na same ta ina ba Baba magani, na buɗe a gabansa ba tare da tunani ba. Ya hango rubutunka. Ya miƙo hannu. Ka taɓa hana shi abu in ya miƙo hannu? Ni ban iya ba.

Ya ɗora ta a cinya, ya danne da mataccen hannun, yana bi da yatsa layi-layi. Ya fi rabin awa. Ina tsaye da abin awon jini a hannu. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba, ban ga komai a fuskarsa da zan iya faɗa maka ba. Na auna shi, jininsa daidai. Nawa ne ya hau.

Da ya gama ya ce, "Cokali." Na kawo, ya ture. "Cokali." Na kawo babba, ya jefar. Mama ta leƙo ta dube shi, ta ce, "Ke, biro yake so."

Kwana uku ke nan yana fama da hannun hagu. Ya cinye rabin littafin rubutu, yana yagewa yana cusawa a aljihu, in mun matso ya rufe da gwiwar hannu kamar ɗan makaranta a jarrabawa. Bai nemi a kai shi ɗakin baya ba ko sau ɗaya. Ban san ko wannan alheri ba ne.

Yau da safe ya miƙo mini wannan 'yar takardar da ka gani a cikin tawa, a ninke huɗu, ya sa na manne bakinta a gabansa. Ban san abin da ke ciki ba. In zagi ne ka yi haƙuri, ni 'yar aike ce.

Mama ta aika wa kafinta ya dakata tukuna. Ta ce ba don jirgi ba, don ta ga ƙarshen wannan shirme na tsofaffi biyu.

Allah ya sa mu ji alheri.

'Yarka,
Auta

*

Ƙarami,

Salamu alaikum.

Shagon dalmar nan da nisa yake.

In ba ka samu ba, ka dawo haka nan.

Yayanka